Yadda ake ɗaure gida kafin hadarin gabas ya taso: jagora ga magidantan Kebbi

Tun shekarar da iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakuna biyu a gidana ta ajiye shi bayan katangar maƙwabci, duk wanda ya ga sabon rufin ya tsaya daram sai ya tambaye ni me aka yi masa. Wasu a masallaci, wasu ta waya, wani ma har ya kawo kafintansa ya leƙa cikin silin. Bana tambayar ta yi yawa, shi ya sa na ga gara in rubuta aikin daki-daki, yadda na koye shi wajen wani tsohon magini da kuma yadda asara ta koya mini.

Washegarin abin, tsohon ya zo ya tarar da ni tsaye kan kwanon da ya nannaɗe kamar tabarma, ina ta zagin masu sayar da kwano maras kauri. Ya duƙa ya ɗaga katakon da ke manne da shi, ya juya, ya ce: "Ɗana, kwanon ga bai da laihi. Hula aka aza ma gidanka, ba a ɗaure ta ba." Da na duba, gaskiyarsa. Kwano da katako sun tashi tare, ko ƙusa ɗaya ba ta cire ba. Tsakanin katako da bango ne babu abin da ya riƙe.

A ƙasarmu iska ce ke riga ruwa zuwa, don haka ita ake fara yi wa shiri. Hadarin Mayu da Yuni yakan taso daga gabas da jan ƙura da iska mai ƙarfi, shi ke cire rufi. Marka ta Agusta ita ke jiƙa bango har ya zauna. Cikar gulbi kuma sai ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Haka aikin zai bi.

1. Zagaya gidan tun cikin bazara

Afrilu ne lokacin. Kafinta bai yi wuyar samu ba, ƙasa a bushe take, kwano bai yi santsi ba. Wanda ya bari sai an yi ruwan farko zai tarar da layi wajen kowane mai gyara, ladan aiki kuma ya tashi.

Ɗauki tocila, guduma, alli da takarda. Zagaya waje tukuna, ka fara da ɓangaren gabas don nan ne ke shan duka. Sannan ka shiga kowane ɗaki ka ɗaga kai. Tabon ruwa a silin, tsaga a kusurwa, ƙofar da ta daina rufuwa daidai, duk ka yi musu alama da alli. Tambayi matan gida, su suka san inda suke ajiye roba idan ana ruwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ka rubuta shi za ka kai kasuwa, kada ka bari mai gyara ya rubuta maka shi kaɗai.

Gargaɗi: hawa kan kwano da safe ake yi kafin rana ta gasa shi, kuma a kan layin ƙusa ake taka ƙafa, nan ne akwai katako a ƙasa. Duba wayar wuta da ta bi ta saman gidan kafin ka ɗaga tsani.

2. Ɗaure katako da bango

Wannan shi ne uwar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa saboda ba ya ganuwa daga waje. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta samansa da gudu sai ta riƙa tsotsarsa sama, idan kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki sai ta tura shi daga ciki. Ƙarfin biyu suka haɗu, rufin da nauyinsa kawai ke riƙe da shi sai ya tashi.

Kayan aiki: langalanga ta ɗaurin rufi, ƙusa inci 3 da inci 4, guduma, kurfi ko abin huda bulo, siminti kaɗan na toshe rami, baƙin mai ko maganin gara, sai katako tubaifo na canji idan an samu ruɓaɓɓe.

A buɗe silin a kusurwa, kafinta ya shiga da tocila. Abu na farko da zai duba shi ne katakon da ke kwance a kan bango, wanda duk sauran suka zauna a kansa. Shin an ɗaure shi da rodin da ya fito daga linta, ko langalangar da aka binne cikin gini, ko kuwa an aza shi ne kawai an yaɓa siminti a gefensa? A gidaje da yawa na ukun za ka tarar. Idan haka ne, a huda bangon bulo biyu ko uku ƙasa da katakon, in akwai linta a huda ƙarƙashinta, a zura langalanga ta ramin, a zagayo da ita ta kan katakon, a ja ta yi tsam, a kafe da ƙusa ta kowane gefe, a toshe ramin da siminti. Ana yin haka a kowace kusurwa, sannan a tsawon bango duk bayan kamar mita ɗaya.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne huda bulon da ke saman ƙarshe. Ranar da iska ta zo sai ta tafi da rufin da layin bulon gaba ɗaya, ya zama har da jifa. Ɗaurin yana neman nauyin ginin da ke samansa, gwargwadon zurfinsa gwargwadon riƙonsa.

Daga nan a bi kowane katako da ya hau daga bango zuwa ƙololuwa. Ƙusa biyu da aka buga a karkace ba ɗauri ba ne, da an ja sama za su zare. A naɗa masa guntun langalanga ta rungume shi da na ƙasansa. Haka a yi wa siraran katakon da kwano ke kwance a kansu, aƙalla na bakin rufi da na kusa da ƙololuwa.

Kowane katako a ƙwanƙwasa shi da guduma. Idan ya yi ƙarar fanko, ko gari ya zubo, gara ta cinye cikinsa. Kada a yarda a yi masa ƙari da guntu a gefe, a cire shi. Sabon da za a sa a shafe shi da baƙin mai ko maganin gara ya sha kafin a hau da shi.

Baranda da rumfar mota a raba rufinsu da na ɗaki idan hali ya yi. Su ne iska ke fara shiga ƙarƙashinsu, in a haɗe suke sai su ja na ɗakin su tafi tare. Ginshiƙinsu kuma ya zama a binne cikin kankare, ba a aje kan daɓe ba.

Maganar kuɗi: langalanga, ƙusa da ladan kafinta na wuni ɗaya ko biyu a gida mai ɗaki uku da wuya su kai kuɗin bandir ɗaya na kwano, mai falle 20. Ni da ban yi ba, na sayi kwano, na sayi katako, na sake silin, na shanya katifu kwana huɗu. Ka yi ciniki da kafinta a kan aiki gaba ɗaya, ka riƙe kashi ɗaya na kuɗin sai ka shiga silin da kanka ka ƙirga ɗaurin. Ba rashin yarda ba ne, abin da ke cikin duhu sai an haska.

3. Ƙusa da kwano

Ƙusa mai hula ake so, kuma a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A tsakiyar rufi ana iya tsallake tudu ɗaya ko biyu, amma a baki, a kusurwa da ƙololuwa kowane tudu ya samu tasa, don daga nan iska ke fara ɓanɓara. Falle ɗaya ya ɗaga, sauran sun zama nata. Ƙusar da ta yi lako-lako a cire ta, a buga sabuwa a gefe inda katako ke da ƙwari, a toshe tsohon ramin da kwalta. Inda falle ya hau kan falle ta tsawo, hawan kada ya gaza santimita 15.

Leɓen rufi da ya zarce bango da yawa yana kare bango daga feshi, amma yana ba iska wurin kamawa. Idan ya wuce kamu biyu, a rufe ƙarƙashinsa da katako ko silin.

Gargaɗi: duwatsu, bulo da tsofaffin tayoyi da ake jerawa a kan kwano ba ɗauri ba ne. Ƙaramar iska suke iya wa. Babba in ta zo ta jefo su tsakar gida, ko su huda kwanon su faɗo kan mai barci. Idan ka ɗaure rufin, sauke su.

Mai sabon gini kuwa, rufi mai gangare huɗu ya fi mai gangare biyu jure iska, kuma rawanin da aka zagaya a saman bango yana kare bakin kwano, muddin an bar wa ruwa mafita mai faɗi.

4. Soro da bangon ƙasa

Ginin ƙasa ba ya tsoron ruwa mai ƙarfi na awa ɗaya. Abin da ke kashe shi ruwan da ya kwanta, ko a kansa ko a gindinsa.

Fara da sama. A share kan soro, a tuge ciyawar bara da saiwarta, a cike duk tsaga da ƙasar da aka kwaɓa da ramno ta kwana, a sake yaɓe, a bi da makuba inda ake samunta. Gangaren ya nufi indararo, kada a bar ko kwarmi ɗaya da ruwa zai tsaya. Wasu kan shimfiɗa leda mai kauri kafin yaɓen ƙarshe, tana taimakawa, amma in ta huje ruwa zai shiga ya kasa fita, don haka duk shekara sai an duba. Kada kuma a riƙa ƙara ƙasa kan ƙasa shekara da shekaru ba a rage tsohuwa ba. Azara tana da iyakar abin da za ta ɗauka, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba.

Indararo ya zama dogo, ya zubar da ruwa nesa da bango, kuma a liƙe gindinsa sosai don nan ne yoyo ke farawa. Inda ruwan ke sauka a jera duwatsu ko fasassun bulo, in ba haka ba zai haƙa rami ya koma gindin ginin.

Sai ƙasa. Tsuguna ka dubi gindin bango. Idan ya zaizaye ya shige ciki kamar an yi masa ƙugu, ginin yana tsaye ne da rabin ƙafa. A cike shi, sannan a yi masa dakali kewaye, tsayinsa kamar zuwa gwiwa, mai gangarowa waje. Mai hali ya yi da bulo da siminti, marar hali ya yi da dutse da ƙasa mai tsakuwa a daddale. Ƙasar da ke kewaye da ɗaki ta gangara daga bango zuwa tsakar gida.

Gargaɗi: filastar siminti a kan bangon ƙasa tana yaudarar ido. Ba ta kama ƙasa da kyau, takan saki daga ciki, ruwa ya shiga bayanta ta tsaga ya maƙale, bangon ya ruɓe kana ganinsa fes. Ƙwanƙwasa ta, inda ta yi ƙarar ganga a ɓare a gyara.

Akwai alamomin da idan an gan su cikin marka ba a kwana a ɗakin: ƙasa na zubowa daga rufi, azara na ƙara, tsaga ta buɗe fiye da jiya, danshi ya hau bango ya wuce gwiwa, ƙofa ta cije farat ɗaya. Ɗaki yakan rufta cikin dare, bayan an kwana biyu ana yayyafi, lokacin kowa na barci. A kwashe yara da tsofaffi zuwa ɗakin da ya fi ƙwari ko gidan dangi. Kunyar a ce ka kwana gidan surukai ba ta kai ta tono ba.

Katangar gida ma a duba ta, ko ta bulo ce. Doguwar katanga da ba ta da ginshiƙi a tsakani, ba ta da ramukan fitar ruwa a ƙasa, madatsa ce. Ruwa ya taru bayanta sai ta kife, kuma gindinta ne yara ke fakewa.

5. Ba ruwa hanyarsa

Zuba bokiti biyu a tsakar gida ka bi ruwan da ido har ya fita. Inda ya tsaya, nan ne aikinka. A faɗaɗa rariya, a sa mata raga saboda leda. Kwatar ƙofar gida a yashe ta har ƙasa, kuma abin da aka kwaso a ɗauke shi a baro a ranar. Wanda ya tara shi a bakin kwata ya yi aikin banza, ruwan farko zai mayar masa.

Wannan mataki ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Kai ka yashe naka, na ƙasa da kai bai yashe ba, ruwan zai dawo zaurenka. A yi magana da mai unguwa a sa ranar gayya, a bi layin daga sama har kwalbati. Wanda kuma ya cike kududdufi ko tsohuwar hanyar ruwa ya yi gini, ruwa bai manta hanyarsa ba, sai dai ya bi ta ɗakin wani.

Idan daɓen ɗakinka ya yi ƙasa da titi, a ɗaga dokin ƙofa da bulo ɗaya. A tanadi buhunan yashi, tsofaffin buhunan taki ko na shinkafa sun isa. Rabi ko sama da rabi kaɗan ake zuba musu, a naɗe bakin a ƙasa, a jera su kamar ginin bulo, na sama ya rufe mahaɗar na ƙasa, a tattake. Buhun da aka cika tam ba ya kwanciya, ruwa ta gefensa zai wuce.

6. Bishiya da waya

Dogon yaro da turare da suka yi rassa kan rufi a rage musu, musamman na gabas da gida. A sassabe dai, kada a sare, bishiyar da ke nesa kaɗan ita ke karya ƙarfin iska. Reshen da ke kusa da wayar wuta ba aikin ɗan unguwa da adda ba ne, a kira ma'aikatan wuta su kashe layi. Faifan sola, dish da tankin ruwa a ɗaure su da ƙarfe a jikin gini. Tsofaffin kwanuka da ke jingine a bayan gida a kwantar da su a danne, a cikin iska wuƙaƙe ne.

7. Rijiya, masai da rumbu

Bakin rijiya a ɗaga shi ya kai ƙugu, a yi masa daɓe kewaye da murfi. Masai ya yi nesa da rijiya, mita 30 ake so inda fili ya bari, kuma ya kasance ta gangare. Masan da ya kusa cika a yashe shi ko a rufe shi tun rani, don in ya tumbatsa cikin damina abin da ke ciki rijiya zai nufa, daga nan amai da gudawa ke shiga unguwa. Daɓen kan masai da ya tsage a sake shi, jiƙaƙƙiyar ƙasa na rufta irinsa da mutum a kai.

Rumbu a sake masa jinka, a duba duwatsun da yake zaune a kansu. Buhunan shinkafa, gero da taki a ɗora su kan katako nesa da bango. Irin shuka a ware shi a rataye.

Idan kuɗi bai isa a yi duka ba, ga yadda zan jera su: ɗaurin rufi, gindin bango, hanyar ruwa, bakin rijiya. Fenti da silin su jira kaka.

8. In gidanku na bakin gulbi

Mutanen Augie, Argungu, fadamar Birnin Kebbi, Bunza, Suru, Bagudo har Yauri suna da wani lissafi daban, domin ruwan da ke cinye su sau da yawa ba a kansu aka yi shi ba. Gulbin Rima yana ɗauko ruwa daga sama ta madatsar Goronyo, gulbin Sakkwato ta madatsar Bakolori da ke Zamfara, gulbin Zamfara ya biyo ta Jega, kogin Neja kuma ya shigo daga ƙasar Nijar. Idan madatsa ta cika dole a saki ruwa. Ana iya yin kwana uku rana na dukan gari, a wayi gari gulbi ya shigo gona. Wanda ya ga 2010 ko 2020, shekarar da ruwa ya shanye gonakin shinkafa masu yawan gaske a jihar nan ya karya gadoji, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Don haka kunne ya fi ido amfani a nan. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya kafin ruwa ya sauka. Gidajen rediyo na karanta su da Hausa, sanarwar SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ma ta nan take zuwa. Rediyo mai batir ya fi waya a ranar da babu caji. Idan ka ji an ce kogi ya cika a Yamai, mutumin Lolo da Illo da Yauri ya fara ɗaure kaya. Idan kana da ɗan'uwa a garin da ke sama da ku a gulbi, ku yi alkawarin kiran juna.

Kafa sanda a bakin ruwa, ka yi mata zane duk kamu ɗaya, a duba safe da yamma. Ku yanke shawara a gida tun yanzu, ruwa in ya kai zane kaza an tashi. Amfanin yanke ta da wuri shi ne ranar ba za a tsaya gardama da Baba ba, wanda zai ce tun zamanin kakansa ruwa bai taɓa wuce tsamiyar can ba.

A san inda za a je, tudu ko makaranta ko gidan dangi, da hanyar da ba ta bi ta kwari ba. Dabbobi su riga mutane tafiya da kwana ɗaya ko biyu. Takardun gida da na gona, katin ɗan ƙasa, takardun makaranta, maganin masu hawan jini da ciwon suga, a sa a leda biyu cikin bokiti mai murfi, tare da tocila, ashana, gidan sauro, garin kwaki ko ƙuli-ƙuli da ɗan kuɗi a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gargaɗi kan jirgin ruwa: a watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski da mutane masu yawa a ciki, ƙasar nan ba ta manta ba. Kada ka shiga jirgin da lodi ya danne har ruwa ya kusa bakinsa, kada ka shiga da dare, kada ka shiga hadari na haɗuwa. Rigar kariya a sa ta a ɗaure, ba a zauna a kanta ba. Idan Sarkin ruwa ya ce a dakata, a dakata.

9. Idan hadari ya taso

Daga lokacin da gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, mintuna kaɗan gare ka. A kira yara ciki. A kashe wutar murhu da ruwa, don garwashin da iska ta ɗauka ya sha cinye danni da rumbu. A rufe ƙofofi da tagogi a sa sakata, na gabas tukuna. A zare talabijin, firji da cajar waya daga soket. A zauna ɗakin da ya fi ƙwari, nesa da taga. Idan rufi ya fara ɗagawa kada wani ya rataya a katako wai zai riƙe shi, a shige ƙarƙashin gado ko tebur, a rufe kan yara da katifa. Gudu waje a lokacin shi ne haɗuwa da kwano a sama.

Wanda hadari ya riska a gona ko kiwo, tsawa ce abin tsoronsa. Ƙirga tsakanin walƙiya da ƙararta, duk daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ne. Idan bai kai daƙiƙa 30 ba tana kusa da za ta iya samunka. Gindin bishiya, musamman wadda ke tsaye ita kaɗai kamar giginya ko gawo a tsakiyar gona, shi ne mafi munin mafaka, nan ne aradu ke kashe makiyayi da garkensa. Ajiye fartanya, fita daga ruwan fadama, sauka daga tudu, nemi gini ko mota mai rufi. In babu, tsuguna a wuri mai ɗan kwari da ba hanyar ruwa ba, ƙafafu a haɗe, kada ka kwanta, in kuna da yawa ku rarrabu. A ba da minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a koma aiki.

Wanda aradu ta faɗa wa babu wuta a jikinsa, taɓa shi ba ya cutar da kowa. Tsoron taɓawar nan ya sa an bar mutanen da za su iya rayuwa. Idan ba ya numfashi a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri ba tsayawa, wani ya kira 112 ko ya nemo mota.

Ruwa mai gudu kuma ba a gwada shi. Wanda ya wuce idon sawu kaɗan, kamar santimita 15, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, balle babur. Ruwan da ya hau kan kwalbati ba ka san ko kwalbatin na nan a ƙasa ba. Ɗan acaɓa ya ce maka ya saba, ce masa ka fasa.

10. Bayan ruwa ya ɗauke

Kafin kowa ya fita, babba ya leƙa ya duba waya. Wayar da ta faɗi a ɗauka tana da wuta, ko da an ɗauke a unguwar, kuma ruwan da take kwance a ciki ma haka. A tsare yara, a sanar da ofishin kamfanin wuta na Kaduna Electric mafi kusa. Idan ruwa ya shiga ɗaki kada a kunna komai sai mai gyaran wuta ya duba soket. Janareta a waje yake zama ko ana yayyafi, a yi masa rumfa. Hayaƙinsa a rufaffen ɗaki ko zaure yana kashe gida guda cikin barci.

Zagaya bango kamar yadda ka yi a Afrilu kafin a mayar da shimfiɗa. Kaya a ɗaga su da sanda, takalmi a zazzage, ruwa na koro maciji da kunama zuwa inda mutane suke. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tam. A cire zobe ko warwaro, a kwantar da shi, a sa wa gaɓar kara kamar ɗorin karaya, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Rijiyar da ruwan ambaliya ya shiga ba a sha sai an kwashe ta an sa mata sinadarin kulorin. Kafin nan a tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa na kemis yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. Alam laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Wanda ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa a fara ba shi ruwan gishiri da suga na ORS nan take a kama hanyar asibiti. In babu na leda, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi yana kurɓa a hanya.

Sati ɗaya zuwa biyu bayan ruwa ya kwanta sauro zai ƙaru. A kife gwangwanaye da tayoyi, a cike ramuka, kowa ya shiga gidan sauro. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 duk wata, in sun ƙwanƙwasa a buɗe musu, kuma a ƙarasa ba yaron na kwana na biyu da na uku da suka bari a hannun uwa.

Idan an yi asara, a ɗauki hoton ɓarnar kafin a taɓa komai, a kai rahoto ga mai unguwa don sunanka ya shiga lissafin da za a miƙa wa ƙaramar hukuma da SEMA. Kwanon da ya tashi a tattaro shi a ranar, a miƙe wanda zai miƙu, tsohon ya koma tsakiya, sabo ya tafi baki da ƙololuwa. Kafinta zai so ya mayar da rufin da sauri kafin wani hadarin ya zo, kai ma haka. Sayi langalangar tukuna, ka aje ta inda zai gan ta, sannan ya hau.